Ɓarawon da Ke Shanye Batirin Kawu

Ko da tsufa zai kwashe min duk abin da ke kaina, ba na jin zan manta da ranar da aka gano ɓarawon da ke shanye batirin motar kawuna.

Kawun nan nawa mai unguwa ne a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo, ni kuma direbansa ne a lokacin. Motar tsohuwa ce tukuf, amma yana ji da ita kamar shi ya ƙera ta. Bayan kakar gyaɗa sai ta tsiro da wani hali: a ajiye ta lafiya lau da yamma, da safe a murɗa makulli ta yi tsit. Kullum sai maƙwabta sun tura, shi yana hakimce a baya da rawani yana ɗaga wa mutane hannu. Aka sayo sabon batir, shi ma bai jima ba ya bi sahun tsohon.

Sai Kawu ya yi bincike irin nasu na manya, wato ya waiga ya nemi wanda ya fi kowa rauni a kusa. A ƙofar gida, gaban jama'a, ya ce ni nake yi wa samarin gari cajin waya da motar suna ba ni na goro. "Ɗan ƙanwata ne, amma ba zan rufa masa asiri ba," in ji shi. "In ta tabbata, ka ajiye min makullina." Maganar ta kai kunnen mahaifiyata, ta koma amsa gaisuwata da ka. Wallahi rasa aikin bai dame ni ba kamar sunan ɓarawo, don a ƙauye irin namu in ya manne maka har jikokinka sai sun ji shi.

Ranar kasuwar Rogo na ce mu kai motar wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Kawu ya ce da shi za a je, ya ga ƙaryata ta ƙare da idonsa. Mai wayarin ya kashe mota, ya kwance waya ɗaya daga kan batir, ya haɗa ɗan ƙwan fitila a tsakani. Ƙwan ya kama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ke caji yanzu, amma ka ga wani abu yana shan wuta." Ya shiga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Ya zare na rediyo, ƙwan yana ci. Ya zare na hon, yana ci. Da ya zare na fitilun ciki, sai ya mutu. Fitilar rufi a kashe take, ƙofofi a rufe, saura but kawai, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota.

Nan Kawu ya fara gyaran murya. Makullin but daban yake, kuma a aljihunsa yake kwana. "Ba komai a ciki sai kayan sarauta," in ji shi. Mai wayarin bai yi musu ba, ya mayar da fiyus, ya ɗan janyo kujerar baya, sai ga haske yana leƙowa. 'Yan kasuwa sun riga sun kewaye mu, dole Kawu ya buɗe.

Buhunan gyaɗa biyu ne, an danna su da ƙarfin tsiya har suka lanƙwasa ɗan maɓallin da murfi ke dannawa ya kashe fitilar cikin but. Tun kaka take ci dare da rana, tana haska gyaɗa.

Gyaɗa a motar mai unguwa ba laifi ba ce. Sai dai cikin 'yan kallo akwai wani manomi na ƙauyenmu da ke rikicin iyakar gona da maƙwabcinsa, maganar kuma tana gaban Kawu. Ya matso ya shafa buhu ɗaya, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, wannan ɗinkina ne. Wancan kuma na san shi, na maƙwabcina ne. Ashe mu biyu muka gaishe ka." Kawu ya karɓi gaisuwar kowanne, ya yi wa kowanne alkawari, ya ƙi shigar da kayan gida don kada a gani.

"Ajiya ce," in ji Kawu. Wani can baya ya kasa riƙe dariya.

A hanya bai ba ni haƙuri ba, kuma har yau bai bayar ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ka riƙa duba mota da kyau." Na ce, "To, Kawu." Na kai shi har ƙofar gida, na bar masa makullinsa a kan kujera. Labarin ya riga ni isa wurin mahaifiyata, aka kuma mayar da maganar gonar gaban dagaci.

Abin da na koya shi ne, in babba ya yi gaggawar nuna ka da yatsa, kada ka ɓata yawunka wajen rantsuwa. Ka natsu, ka lura da inda ba ya so a buɗe.