Libarbar Malam Garba

Na daɗe a wannan aiki na kula da daji, na ga abubuwa iri-iri, amma ranar da har gobe ba ta fita raina ita ce ranar da Malam Garba ya ɗaga hannu a taron sababbin ma'aikata ya faɗi irin bindigar da yake so a ba shi. Ku da kuka shigo bana kuna ganinsa da furfura yana tafe a natse, ba ku san saura ƙiris ya rasa aikin tun bai fara ba.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan aikin ba bayani. Council, wato ƙaramar hukumar yankin, ita ce ta ba kamfaninmu kwangilar kula da wani daji da ke gaba da Edmonton. Muna share hanyoyi, mu sare rassan da iska ta karya, mu kwashe sharar 'yan yawo. A sama akwai manaja, a lokacin wata Baturiya ce da muke kira Madam. Ƙasanta shugabannin gungu, ni Danladi a lokacin ina cikinsu, sai sauran ma'aikata. Sabon ɗauka yana yin wata uku na gwaji, kuma a cikinsu ko tari ka yi ba daidai ba ana iya sallamarka.

Ni na kawo Malam Garba. Maƙwabcina ne a benen da muke haya, flat ɗinsa na kallon nawa. Matarsa Talatu ce ta fara zuwa ƙasar nan don aikin kula da tsofaffi, shi ya biyo ta, zamansa a ƙasar nan duk a kan takardunta yake. A gida mai gadin daji ne, ya yi rabin rayuwarsa a wani gandun namun daji a wajen Bauchi, da kaki da bindiga. A nan kuwa ya koma zaman kallon taga, har ya fara ramewa. Da aka buɗe gurbi na je na tsaya masa, na ce wa Madam wannan mutum ya fi mu duka sanin daji. Ashe da bakina na jawo wa kaina.

Ranar farko, kamar yadda doka ta ce, Madam ta tara sababbin ma'aikata a ofis tana yi musu bayanin haɗurran aiki, ni ma ina zaune gefensa. Ta nuna hoton kaska, ta nuna rina, ta yi maganar mazan barewa da kan yi zafin kai lokacin barbara. Ta rufe da cewa namun daji na iya zama haɗari, kowa ya san yadda zai kare kansa. Sai ta ce akwai mai tambaya?

Malam Garba ya miƙe, ya ƙame kamar yana fareti. Da Turancinsa na tsohon ma'aikacin gwamnati, tiryan-tiryan, ya ce, "Madam, na gode da kika faɗi gaskiya. Na yi wannan tunani tun a gida. Doguwar bindiga ba za ta yi ba, tunda hannu biyu ake riƙe injin yanke ciyawa. Ƙarama ake so, ta ƙugu. In zaɓi za a ba ni, libarba nake so, don ba ta cijewa ko ta sha laka. Waccan mai cin harsashi da yawa a ido take da kyau, amma dabba in ta taso ba ta ba ka lokacin harbi goma. Sai dai kada a ba ni mai nauyin da za ta karya mini wuyan hannu."

Wallahi na ji zufa har cikin takalmina. Tun yana tsakiyar magana nake taka masa ƙafa, shi kuwa bawan Allah ya juyo ya ce da Hausa, "Danladi, ka taka ni," ya matsa gefe ya ci gaba. Madam ta yi fari fat. Wani ɗan Poland da ke kusa da shi ya ja kujerarsa a hankali.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasar nan ƙaramar bindiga haramun ce ga kowa, kuma ƙa'idar kamfani ita ce duk wanda ya yi zancen makami a wurin aiki sai an kai rahoto. Kafin azahar an yi suspending ɗinsa, wato an dakatar da shi. Washegari 'yan sanda biyu suka je flat ɗinsa. Ba su sami komai ba sai hotonsa da kaki da kuma taɓaryar Talatu, wadda suka daɗe suna juyawa. Muna dariya yanzu, amma a ranar ba mai dariya. In abin ya shiga fayil ɗinsa, aikin ya tafi, sabunta zamansa ma sai yadda Allah ya yi. Talatu ta tare ni a matakala idonta jajir ta ce, "Danladi, aiki na ce ka samo masa ko tikitin komawa?"

Aka sa ranar zaman bincike. Madam na gefe ɗaya, shi yana ɗaya gefen da babbar rigarsa ta Juma'a, ni a matsayin shaida. Ta tambaye shi me ya sa ya ɗauka za a ba shi bindiga.

Ya ce a inda ya fito, sabon mai gadin da bai tambayi makaminsa ranar farko ba, sakarai ake ɗaukarsa. Ya ƙara da cewa ƙanin Talatu, Sale, abokin aikinsa ne a gandun. Wata rana Sale ya bar bindigarsa a bariki ya ce yanzu zai dawo, ɓauna ta same shi a bakin rafi ta kashe shi. Tun daga ranar Talatu ta sa shi rantsuwa ba zai sake shiga daji hannu rabbana ba. "Ni ba dabba nake tsoro ba, Madam," in ji shi. "Matata nake tsoro."

Madam ta ce a duk shekarun nan sau nawa ya yi harbi.

"Sau ɗaya, a sama. Gwaggon biri ne ya ɗauke mini kwanon abinci."

"Ya dawo da shi?"

"Bai ko waiwayo ba."

Madam ta yi iya ƙoƙarinta, amma dariya ta ci ƙarfinta, har da share hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Ta rubuta cewa rashin fahimta ne, ta kai shi sito, ta jera masa sandunan tsintar shara guda uku, irin masu maɗanni a hannu da baki mai cafka a ƙasa, ta ce ya zaɓa. Ku zo ku ga zaɓe. Ya auna nauyin kowace a tafinsa, ya danna ya saurari ƙarar, ya kanne ido ɗaya ya duba ko ta miƙe. Ya ɗauki ta tsakiya ya ce wannan ba za ta cije ba. Oba-obarsa kuma, wato rediyon magana na hannu, ya rataye ta a ƙugun dama, inda hannunsa ya saba.

Saura Talatu. Ranar Lahadi muka ɗauke ta a bas muka kai ta ta ga dajin da idonta. Ta ga tsofaffi na jan karnuka masu riga, yara na shan askirim. Ta ce, "Wannan ne dajin? Malam, na yafe maka rantsuwar." Yana cikin murna ya ratsa bakin tafki, bai lura da wata ƙatuwar dinya da 'ya'yanta ba. Ta miƙe wuya ta yi kansa tana huci. Mutumin da ya yi ido huɗu da ɓauna ya tattare riga ya zuba da gudu, hula a ƙasa, yana kiran sunana. Talatu ce ta tsaya ta kore ta da jakar hannu.

Ya gama watanninsa na gwaji lafiya, kuma yau shi ke riƙe da gungun da na bari. Abin da na koya shi ne, kowane sabon ma'aikaci da dajinsa yake zuwa a kai, da mutanen da ya binne a can. Kafin ka koya masa namu, zauna ka tambaye shi nasa. Shi ya sa nake tsare ku da shayi da surutu kafin ku ga manaja. Shi kuwa Malam Garba har yau ba ya bin hanyar tafki, kuma in kuka tambaye shi zai ce muku da an ba shi libarbar nan da ba a yi haka ba. Sandarsa tana nan a sito da sunansa a jiki, kada wanda ya taɓa ta.