Tawul ɗin Mai Wanka

Shekara goma sha tara yana bi gida-gida yana wanke karnukan mutane, har sunansa ya ɓace, kowa sai "Mai Wanka". Kayan aikinsa ba su da yawa: bokiti, sabulun kaska, burushi, sai wani tsohon tawul da ba ya sauka daga kafaɗarsa. Matarsa takan ce saura kaɗan a ɗaura musu aure da tawul ɗin. Amma fa ya iya kare. Wanda ke hana baƙo taka ƙofa, da ya gan shi sai ya kwanta yana kaɗa jela.

Wata Litinin, a gidan wani ɗan kasuwa, ya ji sabon karen da aka sayo yana tari, hanci na zuba. Ya ji fa, ba wai bai ji ba. Sai ya ce wa ransa ƙashi ne ya maƙale, ya goge masa hanci, ya saɓa tawul ya wuce. Gida bakwai ya shiga ranar. Na ƙarshe gidan Goggo ne, tsohuwa mai ciwon ƙafa, wadda ba ta da abokin hira sai tsohon karenta.

Kafin mako ya zagayo, karnukan layin duk sun ɗauki tari. Likitan dabbobi ya ce murar karnuka ce, tana bin kwano, tana bin hannu, tana bin tsumma. Yana cewa tsumma, Mai Wanka ya dubi tawul ɗin da ke kafaɗarsa. Karnuka masu ƙuruciya suka murmure. Na Goggo abin ya sauka masa a ƙirji, a rana ta tara ya mutu.

Shi ya haƙa ramin a bayan gida. Goggo na zaune kan kujera tana ta sa masa albarka, shi kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ajiye shebur ya durƙusa.

"Goggo, ni na kawo masa. Na ji tarin a wani gida, na yi kamar ban ji ba."

Ta dubi ramin.

"Kullum in ya ji ƙarar bokitinka sai ya riga ni zuwa ƙofa," in ji ta. "Ran nan ƙin tashi ya yi. Ni na ja shi na kawo maka."

Ta miƙa hannu ta jawo sandarta.

"Rufe shi da kyau, ɗan nan. In ka gama ka ja mini ƙofa, yanzu ba mai jin motsi."