Kiyashi Sun Riga Ni Gane Ciwona

Shekarun baya, lokacin da ɗan garinmu ke riƙe da mulki a Yawunde, an yi wani wawa a Garuwa. Kada ku wahala wajen nemansa, ni ne.

Kamiyo, wato babbar motar kaya, nake tuƙawa a lokacin, ina kwaso auduga daga Tuboro. Ƙarfina ƙarfi, gashin bakina a murɗe. Kwatsam sai abin nan da ke sa namiji ya shiga gida da gyaran murya ya daina amsa kira. Yara ku toshe kunne, manya kun gane.

Da yake na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, kafin malamin ya gaji da ni, sai na yi wa kaina bincike irin na masana. Na ce zafin inji ne, tunda a kansa nake wuni. Na ninka bargo na zauna a kai. Shiru. Abokina da muke hanya tare ya ce basir ne. Wani kuma ya rantse ɗaure ni aka yi, na bi duk wanda muka taɓa saɓawa da harara. Daga ƙarshe mai magani a babbar kasuwa ya ba ni garin saiwa, ya ce in riƙa kwaɓawa da zuma safe da yamma. Na sha zuma har ƙudan zuma suka kusa kai ƙarata.

Mutum ɗaya ce ban nemi shawararta ba: mai ɗakina. Na riƙa roƙon lodi mai nisa don kada in kwana gida, in na dawo in ce gajiya. Ita kuwa sai dai ta ƙara man shanu a tuwo. Wannan haƙurin ya fi zagi ciwo. Na yanke a raina gara in sawwaƙe mata, kada in tauye baiwar Allah.

Wata hantsi tana tankaɗe, na tattaro jarumtata na ce, "Ajiye rariyar nan, ina da magana."

"Ni ma ina da ita, Malam. Taso ka gani."

Ta ja ni bayan gida, inda nake tsugunawa. Wurin ya yi baƙi ƙirin da kiyashi.

"Yaushe kiyashi suka fara bin fitsari? Randa ba ta wuni da ruwa saboda kai, wandonka ya yi maka yawa. Haka kawuna na Figil ya fara. Gobe sai lopital."

"Ni ba wannan ce damuwata ba," na ce ina kallon ƙasa.

"Na san damuwarka. Ai ɗaki ɗaya muke kwana."

A asibitin, likita ya zaunar da ni, tafinta a tsakani. Ƙishirwa fa? Taba fa? Akwai abin da ke cin raina? Da asuba ma shiru ne, ko sai a gaban iyali? Gumi ya wanke ni. Ya ce wani hawan jini ke jawo masa, wani tunani ne kawai, shi ya sa ba a ba da magani sai an san mafari. Ya auna ni, aka ɗebi jini da fitsari. Sakamako ya fito: ciwon suga, kuma shi ke kashe jijiyoyin a hankali. Da ya tambayi abin da nake sha, na zaro kwalbar zumata da alfahari. Ya dafe kai, ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda tafinta ya ƙi juya mini.

Mai ɗakina ta ƙwace kwalbar, shayina ya koma salam, magani kuma a hannunta nake karɓa. Abin ya dawo, amma ba da gudu ba, kamar kamiyo mai lodi a hawan tudu.

Har yau in na tuna, ba ciwon ke ba ni tsoro ba. Saura ƙiris in rabu da matar da ke lura da ni har bayan gida, don kawai na kasa buɗe baki.

Bayan na warware na gaya mata abin da na so faɗa ran nan. Na ƙara da cewa ai don tausayinta ne. Ina jiran hawaye. Ta ci gaba da tsinar shinkafarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wai kana tsammanin don shi nake zaune da kai? Malam, ko lokacin da yake da lafiya bai kai yadda kake yabonsa ba."