Wazirin da Ke Kan Rufinmu

Ranar Talatar da aka raba mana littafin taswira, shekarar da na shiga aji huɗu, ko abinci ban tsaya ci ba na haura wajen Baba Wakili. Tsoho ne Ba'indiye, yana zaune shi kaɗai a ɗakin da ke kan rufin gidanmu a unguwar Ammariyya, inda muke shanya da wasan ɓuya tsakanin tankunan ruwa. Kullum da hantsi sai ya sa baƙar kwat cikin zafin Jidda, ya zauna da shayinsa kamar mai jiran baƙi. Ya sha gaya mana cewa shi lauya ne, ya yi wa wani sarki wazirci a zamanin Turawa, shi ke raba rigimar gonaki, har jirgin ƙasa kan tsaya jiransa. Yayyena dariya suke yi, ni kuwa na yarda.

Na bi Indiya da yatsa daga sama har ƙasa, ban ga sunan masarautar da yake faɗa ba. Na ce, "Baba, ƙasarka ba ta nan." Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da gurguwar Larabcinsa, "Halas, ta ƙare, 'yata. Ranar da sarki ya sa hannu aka haɗe ta da Indiya, ni na miƙa masa alƙalami." Na sauko kaina a ɗaure. To mutanen ina suka tafi? Na tambayi Umma tana yanka kuɓewa, ta ce, "Mutane na nan, suna ne ya mutu. Yalla, wanke tukunya."

Bayan Sallah aka kama Abbanmu a kasuwa, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, kafilinsa, Balaraben da ke tsaya masa, ya yi tafiya. Aka ce za a mayar da shi Najeriya, inda kakansa ya baro da ƙafa. Na rasa yadda ake mayar da mutum wurin da bai taɓa takawa ba. Ranar ce Baba Wakili ya sauko tsakar gidanmu karon farko. Ya zaunar da ni, yana faɗa ina rubuta koke da rubutuna na 'yar makaranta, rabin kalmomin ban san ma'anarsu ba. Kwana tara yana jele zuwa ofishin hukuma da takardar.

Aka sako Abba. Maƙwabta suka ce kafili ne ya bugo waya, Umma ta ce addu'a ce. Tsohon bai taɓa cewa kokensa ne ba, har ya rasu da shekara ta zagayo.

Yanzu an rushe gidan, 'ya'yana ina yi musu Hausa suna amsawa da Larabci. In suka tambaye ni mu 'yan ina ne, nakan fara bayani, sai na tsaya a tsakiya. Da girma ma ban gama ganewa ba.