Lemun Tsamin Bayan Madafa

Mu biyar ne a tsakar gida da yammacin nan: kakata Iya, da ni, da ƙanena Isiyaku, da maƙwabciyarmu Maman Talatu mutuniyar Kafanchan, sai Baba Tsoho, mijin Iya, yana bakin ƙofa yana ɗaure kaya. Ya gama aikin reluwe, an ce mu tashi daga kwatas, washegari za mu koma Dutsen Kura.

Na shidanmu, in za a ƙirga shi, lemun tsamin bayan madafa ne. A nan aka binne cibiyar mahaifiyata, Iya ta dasa shi a kai. Fuskar mahaifiyar tawa ta ɓace mini, don wajen haihuwar Isiyaku ta rasu. Itacen na sani. Kuma ina kallo an naɗe tabarmi, an fitar da turmi, shi kuwa ba wanda ya ce komai a kansa.

Maman Talatu ta ce ba za a rabu haka nan ba, sai an gasa kek. Fulawa, sukari, ƙwai, ɗan bota. Iya ta kankare ɓawon lemun a ciki, ta matse ruwan, ta watsar da sauran gefen murhu. Aka zuba ƙullun a gwangwanayen madara, aka jera su kan yashin kogin Chanchaga cikin tukunya, aka ɗora garwashi kan murfi.

"Wanda ya buɗe min tukunya, kunnensa zan gasa," in ji Maman Talatu.

"Na Isiyaku ya fi nama," in ji Iya. Ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya. "To, ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta zo ta zauna."

Wai wata mata ce rijiyar garinsu ta ƙafe, kowa ya ɗaure kaya. Ita kuwa tana da itace a tsakar gida, da shi take hira. Ta ce ya tashi su tafi, ya ce ba shi da ƙafa. Ta ɗaura masa igiya ta ja, igiya ta tsinke. Ta kawo jaki, jaki ya zauna yana cin ganye. Sai ta haɗa kai da gwiwa tana kuka. Itacen ya sunkuyo har ganyensa ya taɓa ɗankwalinta.

Nan Iya ta rage murya. "Ya ce, ke baiwar Allah, ni kam na zauna ke nan. Amma 'ya'yana ba su da nauyi."

Ƙanshi ya riga ya cika gidan, hayaƙi yana bi ta cikin rassan lemun, ni kuma ido ya yi nauyi, har na ga kamar itacen namu ya sunkuyo yana saurare.

Na ce, "Iya, sai ta yi yaya?"

"Ƙurunƙus, kek ya nuna. Sauran ki nemo da kanki."

Na ji haushi. Na ɗauki kek ɗina na koma gefe na ci.

Yau na tsufa, jikokina suna cewa na cika sa ido, ko ganye ba a tsinka a gidana ban sani ba. Gaskiyarsu. Ban yi boko ba, amma na ga gidaje sun tashi, na ga mutane sun nace sai sun ciccibi abin da ba ya ɗaukuwa. Sai da na binne nawa mutanen na gane ba mu kaɗai Iya take yi wa tatsuniyar ba. Tana magana, idonta yana bayan madafa. Kanta take lallashi.

Lemun da ke inuwantar da ni yanzu, shi nake kankarewa in jikokin sun matsa sai na yi musu kek na yashi.

Da asubar ranar da muka tashi, kafin motar kaya ta iso, na tsuguna gefen murhu na tona toka. Na tsince 'ya'yan lemun da Iya ta watsar, na ƙulle a bakin zanina. Da na ɗago, Iya tana tsaye da buta. Ta dubi ƙullin, ta ce, "Ƙara ɗaurewa, hanyar da gargada."