Baƙin Mayafin Hajja Ihsan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran surukata Hajja Ihsan a gidanta da ke garin Damanhur.

Mama Ihsan, duk wanda ya zo gaisuwa da alherinki ya zo a bakinsa. Ni kuwa da laifi na zo: wata biyar na yi ina kishi da ke.

Ranar bikin cika kwana bakwai na 'yata Widad abin ya fara. Bisa al'adarmu, kika kwantar da ita a rariya, kika watsa gishiri, kina buga turmin tagulla kusa da kunnenta, kina faɗa mata abin da kowace kaka ke faɗa: ta ji maganar uwarta, kada ta ji ta ubanta. Gida ya ɗauki dariya. Na san wasa ne, ni ma ina jariri an yi mini shi, amma ranar sai ya soke ni. Ga matata Tahani ta koma kuka ba dalili, ba ta karɓar kunun jego sai daga hannunki. Ga jaririya, in na ɗauke ta sai ta tsanyare, kina karɓa ta yi tsit. Na zama mai cefane kawai. Har na daina ɗaukarta, na ce wa Tahani lokaci ya yi da za ki koma gidanki.

Ashe kin ji. Kina haɗa kaya kika kira ni, kika yafa mini baƙin mayafinki a kafaɗa, kika ɗora mini yarinyar.

"Ƙato da kai, da tsohuwa kake kishi? Ƙanshin nan ta saba da shi, ɗana. Riƙe ta da kyau."

Nan take ta yi barci a ƙirjina. Girman kai ya hana ni godiya, ban kuma ce ki zauna ba.

Yanzu ƙanshin mayafin ya gushe, Widad ma ta yarda da ni ko babu shi. Amma da an taɓa ƙofa sai ta juya tana nemanki, kuma har yau abin yana cina, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai da za ki turo ƙofar nan, da hannu biyu zan miƙa miki ita.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Tahani da 'yan'uwanta, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma, Mama, ki yafe mini.