Fensirin Makaɗan Sifen

Shekara shida na yi a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama. Na zo aikin hajji, na idar, jirgi ya tashi ban bi shi ba. Biyar daga cikin shekarun nan a shagon ɗinkin kawuna na yi su, a Bab Makka. Ta shidan ce zan faɗa.

Kawu ya koya mini ɗinki bi da bi: awo, zane da alli, yanka, ɗinki, guga. Na ƙarshe, kafin a miƙa wa mai kaya kayansa, sai a karkaɗe allin tsaf, a tsince duk zaren da aka yi riƙo da shi. Ya kan ce alli namu ne, mai riga bai biya kuɗi don ya ga inda muka yi kokwanto ba. Sau ɗaya na bar layin alli a hammatar wata jallabiya, sai da ya yini bai yi mini magana ba.

Da jawazat, masu kamen marasa takarda, suka matsa wa kasuwa da sintiri, Kawu ya ce in nemi aiki a bayan katanga. Maƙwabcina a Madain Fahd direba ne, Bahaushe haifaffen Jidda, yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin gine-gine na mutanen Sifen. Shi ya kai ni gidajen da kamfanin ya kewaye wa manyansa, aka ba ni sharar ɗakin cin abinci. A lokacin, in babban kamfani ya yarda ya zama kafilin mutum, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ana iya gyara masa takarda. Sai dai dole wani babba daga ciki ya rubuta wasiƙa ya tsaya maka. Wasiƙar nan ita nake nema. Kullum da safe a bayan mota nake zama, idona a kan titi, duk motar da ta tsaya a gefe sai in sunkuyar da kai.

Ran Litinin da Laraba, bayan la'asar, ɗakin cin abincin ya kan koma wurin kiɗa. Mutum goma sha tara ne, injiniyoyi da matansu da wasu ma'aikatan jinya biyu 'yan Filifin. A waje ba a yin irin wannan a fili, saboda haka sai an rufe tagogi. Yawancinsu goge suke ja, irin na Turawa da ake saƙalawa a wuya. Akwai masu sarewa, akwai mai begila, akwai wata dattijuwa, uwar matar wani injiniya, mai babban goge da ake jinginawa a ƙirji ana kiransa celo. Shugabansu injiniyan ruwa ne, gajere mai sanƙo, ba ya kaɗa komai sai wata ƙaramar sanda. Mayestro suke ce masa, ni ma haka na riƙa kiransa.

Aikina shi ne jera kujeru da ƙarafan da ake ɗora takardun kiɗa. Ba wanda ya koya mini yarensu. Na kama kalmomin ne yadda suke zuwa a kowace rana, kuma har yau a wannan jerin nake tuna su. Ensayo, wato bitar kanta. Atril, ƙarfen takarda. Afinar, wato ɗaure tsirkiya har sautin kowa ya daidaita, kuma wannan ne mafi muni a kunne, kamar an taka wutsiyar kyanwa goma. Daga nan sai silensiyo, kowa ya yi tsit. Desde el pirinsipiyo, daga farko. Kompas, gidan da aka tsaya a cikin layin kiɗan, kowane da lambarsa. Otra bes, a sake. Wannan na fi ji, a yini ɗaya sai ya faɗe ta ba adadi. Deskanso, hutu, wanda suke yi da zarar an kira magariba, ni kuma in fita in yi salla.

Akwai kuma lapis. Fensir ke nan. In kiɗa ya karkace, Mayestro ya kan buga sandarsa a jikin ƙarfe ya ce, "Lapis!" Nan take kowa ya zaro fensir ya yi zane a takardarsa, wani ƙugiya, wani da'ira, wani lamba. Na lura da kyau, ba a taɓa kiran lapis sai an yi kuskure. Sai na yanke a raina cewa fensirin nan allinsu ne.

Mayestro yana son yadda nake aiki. Ya taɓa zuwa da ma'auni ya auna tsakanin kujeru don wasa, ya tarar duk tazararsu ɗaya. Da 'yar Larabcinsa da 'yar Sifaniyancina muke magana. Wata rana na cire kunya na faɗa masa zancen iƙama. Ya ce kwangilarsa ta kusa ƙarewa, za su yi babban wasa na bankwana ran wata Alhamis, shi kuma ya tashi ran Asabar. "Bayan wasa," in ji shi, ya kwatanta rubutu a tafin hannunsa. "Waraƙa. Halas." Wato takarda, shi ke nan.

Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Na goge ƙarafan nan har sau biyu a rana. Na wanke labule ba a sa ni ba. Direba ya ce, "Ya sheikh, ka bi a hankali, kar ka wanke Mayestron ma ka shanya shi."

Ran Talata ta makon wasan, Mayestro ya kawo sababbin jakunkunan kwali baƙaƙe, ya ce in kwashe takardun kowa daga tsofaffin in zuba a ciki, in bi lambar kujera. Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba. Na buɗe ta farko. Ban taɓa duban takardun nan kusa ba. Wata uku ana bita a kansu, sun yi kaca-kaca, ko'ina zane, wani a kan wani. Jibi manyan baƙi za su zauna kusa da makaɗan nan. Na ce a raina, kaya sun ɗinku, saura karkaɗe alli, kuma ba wanda ya tuna.

Na je ofis na ari magogi biyu. Na fara da kujera ta ɗaya, shafi na ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Ban taɓa baƙin tawada ba, fensir kaɗai. Na dattijuwar ne ya fi ba ni wahala, don takardunta tsofaffi ne, sun yi ruwan ƙasa, kuma zanen ya kama jikinsu. Sai da na bi a hankali kar su yage. Daga hantsi har aka kira la'asar ina kai. Na share ɓurɓushin magogin, na jera jakunkuna goma sha tara, na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Laraba ita ce bitar ƙarshe. Afinar, silensiyo, sanda ta ɗaga. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin, direba yana gefena yana jiran ya kwashe masu komawa gari.

Ko minti ɗaya ba a yi ba na ga abin da ban taɓa gani ba. Masu goge da kullum hannuwansu ke tafiya tare, yau wani na turawa sama wani na ja ƙasa. Mai sarewa numfashinta ya ƙare a tsakiyar layi. Mai begila ya faɗo inda ba a kira shi ba. Sanda ta tsaya. Aka fara juya shafuka, ana leƙa na juna, surutu ya tashi. Dattijuwar ta ɗaga takardarta da hannu biyu tana kallo.

Direba ya fi ni jin yarensu. Ya matso ya ce, "Wallahi wani ya goge musu rubutu. Wai duk abin da suka shirya wata uku, inda za a ja, inda za a numfasa, a fensirin yake." Ya dube ni, ya ga fuskata. "La'ilaha. Kai ne?"

"Ni ne."

"Uskut. Rufe bakinka. Yara suna shigowa nan, ka bar shi a kan yara. Asabar saura kwana nawa?"

Ba zan ce ban yi tunanin hakan ba. Na yi, har na ja baya taku ɗaya cikin kicin. Amma jakunkunan a hannuna aka ba ni, kuma magogin da sunana aka are su. Ko ba haka ba, ban iya tsayawa ina kallon tsohuwar nan ba. Na fito tsakiyar ɗaki na ce, "Mayestro, ana." Wato ni ne.

Ya tambaye ni dalili da Larabci, kalma ɗaya: "Lesh?"

Na rasa yadda zan yi bayani. Na kama rigata na nuna ɗinki, na kwatanta alli, na karkaɗe. Na ce, "Nazif." Tsabta. Direba ya ƙarasa masa sauran, har da cewa ni tela ne. Wani daga baya ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. Sanƙon Mayestro ya yi ja. Ya ajiye sandar a hankali, abin da ya fi tsorata ni fiye da in ya jefe ni da ita. Sai ya jawo jakarsa ya fito da babban littafinsa, wanda ba ya bari a ɗakin, ya ce, "Lapis. Desde el pirinsipiyo. Kompas uno." Wato gida na ɗaya.

Gida-gida suka bi. Ya faɗa, su rubuta. Inda littafinsa bai nuna ba, su yi gardama har su tuna. Deskanson ran nan bai wuce tsawon sallar magariba ba. Ba wanda ya ce in tafi, ba wanda ya ce in tsaya. Na samo reza na tsuguna a gefe, duk wanda fensirinsa ya dakushe in karɓa in feƙe. Mayestro bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

Alamomin dattijuwar ba su cikin littafinsa. A mota direba ya gaya mini cewa malaminta ne ya rubuta mata su tun tana budurwa, kuma ya daɗe da rasuwa. Ya ce, "Ka ga tsabta, ya ustaz. Yalla, ka fara haɗa kayanka."

Alhamis da sassafe na riga kowa zuwa. Na share ɗakin, na jera kujeru, na warware, na sake jerawa. Wajen ƙarfe takwas dattijuwar ta shigo ita kaɗai, ta tsaya jikin taga tana karkata takarda a hasken rana. Na gane abin da take nema. In an farke ɗinki, sawun allura ya kan zauna a jikin yadi, kuma idon tela ya saba da bin sa. Wannan karon sai da na tambaya. Na nuna idona, na nuna takardar, na nuna fensir, na tsaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo shafi ɗaya tak.

Malamin nata mai danna fensir ne, Allah ya taimake ni. Na kwantar da shafin a inda rana ke shigowa a kaikaice, na bi ramin da bakin fensir, ban san ma'anar ko ɗaya ba. Ta duba, ta gyara lamba ɗaya, ta miƙo na biyu. Shafi takwas ne. Biyar sun dawo kusan duka. Biyu rabi-rabi. Na ƙarshe, inda na fi dirzawa, ba abin da ya rage, ta karɓe shi ta mayar cikin jaka.

An yi wasan bayan magariba. Daga bayan ƙofar kicin na saurara, kuma ba ni da kunnen da zan ce ya yi kyau ko bai yi ba. An dai tafa. Mayestro ya wuce ta gabana da baƙinsa, bai tsaya ba.

Juma'a ba aiki. Na kasa zama a ɗaki. Bayan masallaci na taka har Bab Makka, abin da na daina yi saboda kame. Na faɗa wa Kawu komai. Ya gama saurara yana cizon zare, ya ce, "To kai wa ya ce maka rigar ta gama ɗinkuwa?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Kekenka yana nan, ban sayar ba." Na dawo gida ta lunguna.

Asabar na tarar ana loda akwatunan Mayestro. Na ɗauki tsintsiya na yi ta sharar inda na riga na share. Har ya shiga mota, sai ya sauke gilashi ya yafito ni. Ya miƙo ambulan, ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancina ya ce, "Otra bes, la." Kar a sake. Motar ta ja.

Ambulan ɗin ba a liƙe yake ba. Na kai wa direba ya karanta mini ɓangaren Larabcin kafin in miƙa ofis. Ya karanta a ransa, ya fara dariya har da dafa mota.

"Karanta mini, malam, ba dariya na tambaye ka ba."

"Ya ce kai mutum ne mai gaskiya da tsari, yana roƙon kamfani ya karɓi kafalarka. Sai layi na ƙarshe." Ya share ido. "Ya ce a riƙa faɗa maka abin da za ka yi, a kuma faɗa maka inda za ka tsaya."

Na karɓe takardata na ninke ta yadda take. Magatakardan ofis ya karanta, shi ma ya ɗan murmusa, ya buga hatimi. Bayan wata huɗu iƙamata ta fito, aka mayar da ni sito a Waziriyya, wurin jera bututu.